YA SHUKA, WASU SUKA GIRBA

 Akwai wata tambaya da ta zame mana jiki mu Hausawa, duk abin da mutum ya ɗauko yana yi sai an jefo masa ita: "To nawa ake samu?" In ɗinki kika koya, nawa ake samu? In rubutu kake yi, nawa ake samu? In amsar ba ta cika baki ba shi ke nan, aikinka ya zama na marar abin yi. Ni da nake rubuta littafi in buga da kuɗina in kai kasuwa da kaina, na sha wannan tambaya a gidan biki da gidan suna, har a bakin 'yan'uwa na jini. Ban ga laifin masu yin ta ba, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma yau ina so in ba ku labarin wani mutum wanda da a ce an auna shi da wannan mudu ranar da ya bar duniya, da an ce ba a taɓa yin asararre kamarsa ba, alhali yau gwamnatoci ne ke sa masu gadi suna tsaron aikin hannunsa.

Sunansa Vincent van Gogh, mutumin ƙasar Holan. Sunan gidan nan nasu yana da wuyar faɗi har a bakin Turawan Faransa da na Ingila, shi ya sa in ya gama zane sunansa na farko kawai yake sawa a gefe. To ni ma zan bi sahunsa in riƙa ce masa Binsent. Ƙanina da ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya shi ya fara shigo mana da hotunan aikinsa gida a cikin wani ƙaton littafi, daga nan na shiga bin diddigin labarinsa.

An haife shi ran 30 ga Maris 1853 a wani ƙauye mai suna Zundert a kudancin Holan, mahaifinsa limamin coci ne. Shekara guda cif kafin haihuwarsa, a daidai wannan rana ta wata, mahaifiyarsa ta haifi ɗa bai zo da rai ba, an sa masa suna Binsent, da aka haifi wannan sai aka mayar masa da sunan. Allah Sarki, yaro ya tashi ga kabari ɗauke da sunansa a harabar cocin ubansa. Yana ɗan shekara 16 aka kai shi aiki wani kamfanin dillancin zane-zane, ya zauna a Heg da Landan da Faris, a 1876 aka sallame shi. Ya gwada koyarwa a Ingila, ya gwada tsaron kantin littattafai, ya gwada karatun zama limami irin na ubansa, ba wanda ya yi ƙarko. A 1879 ya zama mai wa'azi a cikin masu haƙar kwal a ƙasar Beljiyam. Da ya ga irin talaucin da suke ciki sai ya rabar musu da tufafinsa, ya bar ɗakin da aka sauke shi ya koma kwana a bukka a kan ciyawa. Waɗanda suka aike shi suka ga ya zubar musu da girma, suka ƙi sabunta masa aikin. Kowane gida akwai irin wannan ɗa, wanda iyaye ke kwana da shi a rai, ana cewa wane dai har yau bai kama abin yi ba.

Sai a 1880, yana da shekara 27, ya tsai da shawarar zane zai yi. Wanda ya ɗauki nauyinsa ƙaninsa ne Theo, mu ce masa Tiyo, wanda ya ba shekara huɗu, dillalin zane ne a Faris. Duk wata sai ya yanki wani abu daga albashinsa ya aika wa yayansa, kuɗin haya da abinci da fenti da ƙyallen zane, ya yi shekara goma yana haka ba fashi. Mai karatu ka riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Abin da ya fara ja na ga mutumin nan shi ne waɗanda ya zaɓa ya zana. A zamaninsa mai zanen da ke son kuɗi attajirai yake zanawa da matansu cikin ado. Shi kuwa sai ya koma wani ƙauye mai suna Nuenen ya zauna cikin masaƙa da manoma. Ya kwashe lokacin sanyi guda yana zana kawunansu da hannuwansu ɗaya bayan ɗaya, gommai, har hannunsa ya faɗa, sannan a 1885 ya yi babban zanensa na farko mai suna Masu Cin Dankali. Mutum biyar ne a wani ɗan ɗaki mai duhu, fitila guda a rataye a samansu, sun kewaye akushi ɗaya na dankali yana tururi. Wata tsohuwa tana zuba gahawa a ƙananan kofuna, wata yarinya ta ba mu baya. Fuskokinsu duk ƙashi, yatsunsu sun kumbura a gaɓoɓi, launin zanen gaba ɗaya kamar dankalin da aka tono ba a wanke ba. Da gangan ya yi haka. Ya bayyana wa Tiyo a wasiƙa cewa so yake a gane hannun da ke cikin akushin shi ne hannun da ya tone ƙasar, wato halaliyarsu suke ci.

Wallahi ranar da na ga hoton nan gidan kakana na gani, a ƙauyenmu da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Na tuna daren kaka, an dawo daga gona bayan magariba, an kunna aci-balbal, maza sun kewaye tuwon dawa da miyar kuka, ba mai magana sai ƙarar loma. Na tuna hannun kakata lokacin tsinkar auduga, yadda ƙwanson ke yayyage mata gefen farce har ya yi baƙi ya tsattsage, da dare ta shafa man kaɗanya, da safe ta koma. Da wannan hannu ta aurar da 'ya'ya shida. Ba wanda ya taɓa zana shi, ba wanda ya ɗauke shi hoto, ya tafi ƙasa da ita. Ga wani bawan Allah can a ƙasar sanyi, shekara ɗari da arba'in da suka wuce, ya ga irin hannun nan ya ce ya cancanci a ajiye shi kamar yadda ake ajiye fuskar sarki.

Kada ka ɗauka an yaba masa. Wani abokinsa mai zane ya kushe aikin ya ce jikkunan mutanen ba su zauna daidai ba. Tiyo kansa yana ta gaya masa zanensa ya cika duhu, ba zai shiga kasuwar Faris ba. Daga baya ma aka yi masa wani zargi a ƙauyen, limamin cocin Katolika na wurin ya hana mutane zama ya zana su. Dole ya tattara ya bar garin.

A 1886 ya koma Faris wurin ƙaninsa, a nan idonsa ya buɗe. A lokacin na'urar ɗaukar hoto ta riga ta bazu, don haka tambaya ta taso wa masu zane: in dai kama ake nema, ai kyamara ta fi ku iyawa, to mene ne amfaninku? Wasu gungu a Faransa suka amsa da cewa su haske za su kama, suka fita fili suna zana yadda rana ke sauka a kan ruwa da ganye a daidai wannan sa'a kafin ta gusa. Sai wasu suka biyo bayansu suka ƙara gaba, cikinsu akwai Paul Cézanne da Georges Seurat da Paul Gauguin da shi Binsent. Su kuma cewa suka yi ido kaɗai bai isa ba, a bar launi ya faɗi abin da ke zuciyar mai zane game da abin da yake kallo. A 1910 wani Bature mai sharhin zane, Roger Fry, ya shirya baje kolin ayyukansu a Landan ya raɗa musu suna mai ma'anar waɗanda suka zo bayan masu zanen haske, sunan ya bi su har yau. A shekara biyu da Binsent ya yi a Faris ya ga aikin waɗannan mutane, ya ga zanen Japanawa mai launi tas, sai duhun nan ya yaye daga burushinsa kamar an kware labule.

A Fabrairun 1888 ya bi rana ya gangara kudancin Faransa, wani gari mai suna Arles, ƙasar noma. A cikin wata goma sha biyar ya yi zane kusan 200. Gonakin alkama, masu girbi, tarin damma, bishiyoyi cikin fure, da wani fure mai ruwan ɗorawa mai faɗin faifai wanda ake tatsar mai daga ƙwayarsa, wanda yanzu duk duniya in an gan shi sai a tuna da shi. Ba ya lallaɓa fenti ya kwanta sumul. Dankara shi yake da kauri, ya ja burushi a kai, sai ka ga layi-layi sun tashi kamar kunyoyin da garmar shanu ta huɗe. Akwai zanen da ya yi na wani mai shuka, rana ta cika bayansa kamar ƙaton tire, sama ta koma ruwan ɗorawa, ƙasar gonar kuma shuɗi-shuɗi. Wa ya taɓa ganin shuɗiyar gona? Amma duk wanda ya taɓa tashi daga duƙe bayan ya wuni yana noman firi, ya ɗago kai rana ta dake shi a ido, ya san ƙasa takan canza launi. Ya kuma san sirrin da kowace mace mai iya haɗa zani da kallabi ta sani, cewa in ka ajiye shuɗi kusa da ruwan ɗorawa kowanne sai ya ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Ni dai in na bi hanyar Funtuwa zuwa Bakori zuwa Malumfashi a watan Oktoba, masara ta bushe ta yi ruwan zuma, dawa ta sunkuyar da kai ta yi ja, waken suya ya zubar da ganye, can ga ɗan fegin auduga ya fashe fari fat, sai in ce ina ma mutumin nan ya zo nan. Da fentinsa ya ƙare kafin ya kai Ƙafur.

To amma duk wannan haske a kan ƙyalle yake, cikin gidan duhu ne. Burinsa ya tara masu zane su zauna gida ɗaya suna aiki kamar gayya. Mutum ɗaya ne ya amsa, Gauguin, wanda Faransawa ke furta sunansa kamar a ce Gogan, kuma gogan ne da gaske, mai taurin kai da ji da kai. Ya iso a Oktoba 1888, suka yi kamar mako tara suna aiki suna gardama. Daren 23 ga Disamba rikici ya yi tsanani, ciwon Binsent ya tashi, ya sa reza ya yanke kunnensa na hagu. Gogan naka ya kama hanya bai sake dawowa ba. Bayan wata biyu maƙwabta kamar talatin suka sa hannu a takarda suka kai wa hukuma cewa a ɗauke musu shi. A Mayun 1889 shi da kansa ya kai kansa asibitin masu taɓin hankali a Saint-Rémy, ya shekara a can. A wannan shekara ya yi zane kamar 150, ciki har da Dare Mai Taurari, wanda sama ke murɗawa a cikinsa kamar guguwa, yanzu yana birnin Niyok na Amurka. Da aka haifa wa Tiyo ɗa a Janairun 1890 aka sa masa sunansa, daga asibitin ya zana rassan itace cikin farin fure a kan shuɗin sama ya aika wa takwaransa.

A nan ina so in tsaya, don akwai wata magana da ake yawan yi wadda ba ta yi mini ba. Sai ka ji ana cewa ai haukarsa ce ta ba shi fasaha. Ina! In ciwon ya taso masa makonni yake yi bai iya riƙe burushi ba, wani lokaci har hana shi fenti ake yi don kada ya sha. Sai ya samu sauƙi yake aiki, kuma aikin na mai lissafi ne, wanda ya shekara goma yana koyo, yana karatu, yana magana da harsuna uku. Ciwo ƙwace masa ya yi, bai ba shi kome ba. Mu ma nan muna da wannan hali ta wata fuska. In yaro ya cika shiru da zane-zane ko rubuce-rubuce sai a ce ba shi kaɗai ba ne, in kuma ciwon ƙwaƙwalwa na gaske ya kama mutum sai a ɓoye shi a ƙuryar gida don gudun abin kunya, ko a sa masa mari, yara na jifa. Ciwo ne kamar hawan jini, yana da likitoci yana da magani, kuma yau an samu magungunan da ba a da su a zamanin Binsent. A haɗa addu'a da asibiti, a kuma ja marar lafiya a jiki.

A Mayun 1890 ya koma wani ƙauye kusa da Faris mai suna Auvers ƙarƙashin kulawar wani likita, Dakta Gachet. Kwana saba'in ya yi a can, kusan kullum zane guda. Ran 27 ga Yuli ya dawo masaukinsa daga gonakin alkama da harsashi a jikinsa, ya ce shi ya harbi kansa. Bayan kwana biyu ya cika a gaban Tiyo, yana da shekara 37. Wannan ƙarshe ba abin sha'awa ba ne, ba kuma abin koyi ba, abin kuka ne, Allah Ya raba mu da irinsa. Ya bar ayyuka sama da 2,000, kusan 860 daga ciki na fenti. Wanda aka fi sanin an saya da ransa shi ne zanen wata jar gonar inabi, wata mai zane 'yar Beljiyam, Anna Boch, ta biya faran 400 a 1890. Akwai 'yan kaɗan bayan wannan, amma duk a tara ba su kai kuɗin fentin da ya ƙarar ba. Tiyo kuwa bai jure ba, dama ba shi da lafiya, bayan wata shida ya bi yayansa, a Janairun 1891, yana da shekara 33.

Da a nan labarin ya tsaya da ni da ke ba mu taɓa jin sunansa ba. 'Yar'uwa, gyara zama ki ji inda mace ta shigo. Matar Tiyo, Johanna, ana ce mata Jo, malamar makaranta ce kafin aure. Aurensu bai cika shekara biyu ba ta zama bazawara tana da shekara 28, ga goyo bai shekara ba, ga gida cike da ɗaruruwan zane-zanen da ba mai so, har ƙarƙashin gado, ga ɗaruruwan wasiƙun yayan mijinta a aljihun tebur. Wata ce da ta zubar da tarkacen ta huta. Ita sai ta kwashe kome ta koma Holan, ta buɗe gidan saukar baƙi a wani gari mai suna Bussum tana ciyar da ɗanta da shi. Da dare ta zauna tana karanta wasiƙun nan ɗaya bayan ɗaya har ta fahimci mutumin da abin da yake nufi da aikinsa. Daga nan ta shiga bin masu sharhi da dillalai, ana yi mata kallon mace mai rigima wadda ba ta san kan zane ba, ba ta fasa ba. Ba ta zubar da kayan a kasuwa gaba ɗaya ba, kaɗan-kaɗan take sayarwa, kuma inda za a gani, mafi kyawun ta riƙe wa ɗanta. A 1905 ta shirya baje kolin ayyuka sama da 450 a Amsadam. A 1914 ta buga wasiƙun a littafi, ta kuma sa aka ɗauko ƙasusuwan mijinta aka binne kusa da yayansa a Auvers. Ta rasu a 1925, ɗan nan nata shi ya tsaya har aka buɗe gidan ajiye ayyukan Binsent a Amsadam a 1973.

Masu tambayar nawa ake samu, ga amsarku. A 1987 wani kamfanin inshora na Japan ya sayi zanen furen nan kusan dalar Amurka miliyan 40. A 1990, shekara ɗari da rasuwarsa, an yi gwanjon hoton Dakta Gachet a kan dala miliyan 82.5. Mutumin da ya sha wuni da busasshen burodi da gahawa don ya sayi fenti ke nan. Bai ci ko sisi ba.

Amma gadonsa na gaske ya wuce kuɗi. Matasan masu zane a Faransa irin su Henri Matisse da Maurice de Vlaminck sun ga aikinsa suka saki launi ya yi ta ihu, na Jamus ma suka ɗauka daga 1905. Ƙofar da su Binsent suka buɗe ita ce mai zane ba bawan kama ba ne, yana da ikon ya kalli abin da ke ƙofar gidansa ya faɗe shi da muryarsa. Wannan magana ta zo har nan kusa da mu, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai a mota. A 1958, a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Jimoh Akolo. Malamansu yawanci Turawan Ingila ne masu koyar da tsarin makarantun can. Su kuma suka ce za su karɓi dabarar Bature su haɗa ta da gadon gida, har aka riƙa ce musu 'Yan Tawayen Zariya. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Akolo ya zana mahaya dawakinmu da makaɗanmu na Arewa. Bayansu an yi Gani Odutokun, wanda aka haifa a Gana a 1946, ya gama jami'ar a 1975 ya zauna yana koyarwa. Shi tsinka fenti yake yi ya bar shi ya kwarara a kan ƙyalle, sannan ya bi sawun kwararar ya fitar da sura. Haɗarin mota ya ɗauke shi a Fabrairun 1995 bai kai hamsin ba, amma ya samu nasa masu riƙo, ɗalibansa da abokan aikinsa, suka kai ayyukansa baje koli har Landan a shekara ta 2000.

To mu fa? Ranar da ƙanina ya ce zane zai karanta, wani kawunmu cewa ya yi, "Yanzu duk kuɗin takin da aka hana gona, fenti za ka je ka koyo?" Aka yi dariya. Alhali mu ba baƙin zane ba ne. Dubi dagi a goshin tsofaffin gidajen Zariya, dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, dubi zanen ƙwarya da aikin hula da lallen amare, dubi bayan manyan motocin da ke lodin masara a kasuwar Ɗandume. Dubi bangon littattafanmu na hikaya na shekarun 1990, zamanin da Anti Bilki Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa, duk da hannu aka zana su. Wa ya adana ainihin takardun da masu zanen suka yi aiki a kai? Wa ma ya riƙe sunayensu? Ni kaina na taɓa komawa wata maɗaba'a neman zanen bangon littafina na farko, aka ce an share ɗaki an ƙone tarkace. Alhaji Mamman Shata, da ya zauna a nan Funtuwa, ya ci amfanin fasaharsa da ransa har jami'ar Zariya ta ba shi digirin girmamawa, amma duk waƙar da ya yi a dandali ba a ɗauka a kaset ba ta bi iska tun kafin ya rasu a 1999.

Na san wani zai ce ai malamai sun yi magana a kan zana abu mai rai. Haka ne, kuma wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi malaminsa. Sai dai gona da itace da hadari da rumbu da hasken rana ba su cikin abin da ake saɓani a kai, kuma da yawa daga manyan ayyukan Binsent irinsu ne. Akwai ma wanda takalman aiki ne kawai tsofaffi, sun sha taɓo, amma in ka kalle su sai ka ji gajiyar mai su.

Abin da ya sa na damu shi ne ƙasar da muka sani tana sauyawa a gaban idonmu. Auduga ce ta gina Funtuwa. Saboda ita Turawa suka kafa gidan gurza na BCGA, jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen shekarun 1920, aka kawo babban shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975. Yau audugar ta ja baya, masara da waken suya sun cinye filinta, yaranmu da yawa ba su taɓa ganin layin jakuna da amalanke sun nufi ma'auna da farin kaya ba. Ga kuma masifar 'yan bindiga a yankunan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, wadda ta raba mutane da gonakin kakanninsu, wasu sai sun biya kafin su girbe abin da suka shuka. Manominmu in ya shiga labarai a matsayin adadi yake shiga, mutum kaza aka kashe, mutum kaza aka kwashe. Jikokinmu in suka tambayi yadda fuskarsa take, da yadda hannunsa yake, da launin gonarsa a watan kaka, me za mu nuna musu? Bangon littattafan kasuwa kuwa kullum budurwa ce da sarƙar gwal da mota da bene.

Shi ya sa nake kira. Mai zane da marubuci, ku dubi ƙofar gida, abin da kuke nema yana nan cikin kunya da masussuka. Iyaye, in kun ga yaro yana zane a bayan littafinsa kada ku ce ɓarnar takarda, ku saya masa wata. Yayye da mazaje masu ɗan hali, a samu Tiyo a cikinku, wanda zai ɗauki nauyin mai baiwa ba tare da gori ba, don gori yana kashe zuciya fiye da yunwa. Mu kuma mata, mu ne masu adaka da ƙasan gado. In miji ko uba ko ƙane ya bar rubutu ko zane ko kaset, kada a ba mai ƙosai ta naɗe, kada a hura wuta da shi. A sa a leda saboda gara da ɗigar damina, a ɗauke shi hoto da waya, a rubuta sunan mai shi da shekarar da ya yi. Ba lalle ya zama na miliyoyi ba, kuma yawanci ba zai zama ba. Ko jika ɗaya ne ya buɗe ya ga hannun kakansa, ajiya ta biya.

Manomi ya san ba ranar shuka ake girbi ba, ya kuma san mai dasa mangwaro ba lalle shi zai sha inuwarsa ba, amma bai fasa dasawa. Allah Ya sa wa sana'ar kowa albarka, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo wa manomanmu da zaman lafiya su koma gonakinsu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in rai ya kai. Wassalam.